Injiniya, Sun Kafa Maka Benci a Kan Ƙofar Tafki

Yau Alhamis. Na tashi da ciwon gwiwa kamar kullum, ƙafar hagu ta kumbura har silifas ya ƙi shiga, amma tarin da ke damuna ya lafa. Saboda haka na jawo tebur kusa da taga domin in rubuta abin da na kasa zuwa in faɗa a ƙofar gidanka.

Ranar Litinin, uku ga wannan wata, Mai rai da mutuwa Ya karɓi abinSa. Daga gare Shi muka fito, can kuma za mu koma, kowa da ranarsa. Mai wanki ne ya kawo mini labarin tare da kayana. Ya ajiye ƙunshin a kan kujera, bai ce in duba ko sun cika ba, abin da bai saba yi ba. Sannan ya ce Injiniya ya yanke jiki ya faɗi a ofis yana cikin magana da abokan aiki, an kai shi asibiti, kafin azahar ya cika. Na tambaye shi wane injiniya, ko da yake injiniya ɗaya muka sani ni da shi. Ya ce, "Namu, Baba. Ƙafau." Yana faɗa ya kama baki, don ya ga bai dace a kira mamaci da sunan tsokana ba. Na ce masa kada ya damu, kai ma da kanka kana amsa sunan.

Ban je jana'izarka ba. Dalilin yana nan a bakin ƙofata, kuma kai ka gina shi. Zan zo kansa.

Na yi aikin tafinta a kotu har ƙarfina ya ƙare. Aikin ya koya mini in mayar da magana yadda na ji ta, ba ƙari ba ragi, ko da mai ita yana kuka. Haka zan yi a nan. Waɗanda suka fi ni kusa da kai sun yi kukansu, kuma sun fi ni iyawa.

Ga wanda bai san unguwarmu ba, a cikin kwari take. Duk ruwan da ya sauka a kan rufin kwano da kwaltar unguwannin tudu, wajenmu yake gangarowa. A ƙarshen layinmu akwai tafki da hukumar birni ta haƙa tun da daɗewa domin ya tare wannan ruwa, ya riƙe shi, sannan ya sake shi kaɗan-kaɗan ta kwalbati zuwa rafi. A bakin kwalbatin akwai ƙofar ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa. Ba a ganinta. Abin da ake gani dakalin siminti ne, da ɗan rami a tsakiyarsa kamar bakin kofi, inda ake zura makulli a murza. Makullin kuwa sandar ƙarfe ce da ta kai ƙirjin mutum, da mariƙi a gicciye a samanta. Gidana shi ne na ƙarshe a layin, shi ne kuma mafi ƙasa. Idan tafki ya tumbatsa, ni yake fara gaisarwa.

Ranar da ya gaishe ni sosai ita ce ranar da na fara ganinka. Da tsakar rana ne, ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Ƙofar ƙarfen ta yi tsatsa ta ƙi motsi, leda kuma ta toshe ragar da ke gabanta. Maiɗakina, Allah Ya ji ƙanta, tana kwance ba lafiya. Muna kallo ruwa ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa, ya ɗauki takalmanmu, ya wuce ƙarƙashin gado, ya fara lasar katifa. Sai ga ka, sabon zuwa wannan aiki, da rigar ofis da alƙalami a aljihu, ruwa iya gwiwa. Kai da mai wankin mota kuka ɗora maiɗakina a kan kujerar roba kuka ɗaga. Daga can sama ta dube ka ta tambaya ko wanene wannan. Aka ce injiniyan ruwa ne. Ta ce, "Yaro, ashe kai ne mai ruwan nan? To zo ka kwashe abinka." Ka ce, "Nawa ne, Inna. Zan kwashe." Na ɗauka maganar lallashin mara lafiya ce. Shekara da shekaru ka yi kana kwashewa.

Bayan ruwa ya janye ka zo da magini, ka sa ya ja bulo a dokin ƙofar ɗakina har kusan gwiwa, ya shafe shi da siminti. Ka ce wannan ba magani ba ne, jinkiri ne kawai, zai ba mu lokaci idan tafki ya ƙi jin magana. A lokacin nakan tsallake shi ina fira ban ma duba ba. Yanzu ba na iya tsallake shi sai da hannun wani. Abin da ya tsare ruwa a waje ya tsare ni a ciki. Ka san da haka. Duk zuwanka sai ka kama ni ta hammata ka fitar da ni in sha rana, ka ce bayan wannan damina za ka yi mini matakala da ƙarfen riƙewa. Ka faɗa bara, ka faɗa bana. Ba na riƙe ka da wannan. Mutumin da ke da kwalbatocin rabin birni a kansa ba ya rasa abin da zai ɗaga zuwa bayan damina.

Shatin ruwan wannan rana yana nan a bango, ya wuce ƙafar gado da kaɗan. Na sa an shafe shi da fenti, ya sake fitowa. Da zan sake, ka hana. Ka ce in bar maka shi, yana tuna maka abin da kake wa aiki.

A ƙa'idar ofishinku, ƙofar tafki a buɗe take zama rani da damina, tafkin kuma a bushe. Shekarar farko ka bi ƙa'ida. Ka sa aka kankare tsatsa, aka shafa giris, ka buɗe ƙofa ka bar ta. Tafki ya ƙafe ƙaf. Masu wanki suka rasa ruwa, mai wankin mota ya koma sayen na masu tura kura, mai lambu, wata bazawara da ke ciyar da 'ya'yanta da ganyen da take shukawa a gefen tafki, ta ga shukarta ta ƙone. Wurin ya zama juji ta gefe ɗaya, filin ƙwallo ta ɗaya gefen, har wani ya zo da igiya da turaku yana auna fuloti a tsakiya, ya ce ai fili ne ba mai shi. A wannan shekara ce suka sa maka suna Ƙafau. Idan motarka ta shigo layi, mai wankin mota kan ɗaga bokitinsa babu komai a ciki ya kifa shi a kansa, ya sara maka kamar soja.

Ba ka yi fushi ba, ko kuma ka yi ka haɗiye. Ka tara su a inuwar katangata, ni ina zaune ina ji. Kuka yi yarjejeniya da baki: idan damina ta ɗauke za ka rufe ƙofa, su yi amfani da ruwan duk tsawon rani, idan bazara ta yi nisa za ka buɗe, babu musu, babu roƙo, babu aiko da dattijo. Mai lambu ta tambaye ka amfanin tafkin da babu ruwa a ciki. Ka ce mata, "Yaya, ba don ruwan da ke ciki aka haƙa shi ba. Don wanda bai zo ba tukuna aka haƙa shi. Idan ya zo ya tarar da wuri a cike, ɗakin Baba zai nema." Kowa ya juyo ya dube ni. Ban taɓa zama hujja a gaban jama'a ba sai ran nan, ni da na ƙare rayuwa ina fassara hujjojin wasu.

Sun yarda. Kuma duk shekara sai sun manta sun yarda. Da ka fito da makulli sai a kewaye ka. Mai lambu ta ce ka ƙara mata mako ɗaya ganyenta ya kai kasuwa. Mai wanki ya ce sama fes take, ko gajimare babu. Mai wankin mota ya ce ko dai kai da masu sayar da ruwa kun haɗa baki ne. Kakan ce masa motar da ya wanke jiya ta fi zuwanta datti, don haka rashin ruwan ma ba asarar komai ba ne. A yi dariya, ka zura makulli ka murza. Wata shekara makullin ya ɓace daga bayan motarka. Ba a san wanda ya ɗauka ba, sai da tafki ya sauka aka gan shi kwance a cikin laka. Kafin nan ka riga ka sa mai walda ya ƙera wani. Shi ne ka kawo ɗakina ka jingine a bayan ƙofa. Ka ce babu wanda zai shiga ɗakin tsoho ya yi sata, kuma duk unguwar babu wanda ya kai ni bukatar kada ya ɓace.

Akwai abin da mutanen layinmu ba su taɓa lura da shi ba a aikinka, don suna ganin murzawar kawai. Ba ka buɗe ƙofar gaba ɗaya. Kakan ɗan murza ka tsaya, ka saurari ƙarar ruwa a kwalbati, ka buga waya ga mai kula da magudanar unguwar da ke ƙasa da mu a bakin rafi, ka tambaye shi yadda ya gani. Kashegari ka dawo ka ƙara kaɗan. Na taɓa ce maka ka buɗe ta duka ka huta. Ka ce idan ka yi haka ka kwashe ruwa daga ɗakina ka zuba a ɗakin wani tsoho da ban sani ba, kuma shi ma yana da gado. Saboda haka sauke tafkin yakan ci fiye da mako. Ba aikin da ake farawa ranar da hadari ya haɗu ba ne. Na rubuta wannan a fili domin shi ne abin da ya fi muhimmanci a duk takardar nan.

Ba ka kasance mai sauƙin hali a kan shara ba. Da kanka kake shiga da manjagara ka share ragar, da takalmin ofis, ma'aikatanka suna tsaye suna jin kunya. Wata rana ka tsamo buhu cike da ƙyallaye. Ka zazzage shi a bakin dakali ka duba, ka mayar, ka ɗauka a kafaɗa yana ɗiga har shagon tela. Ka ajiye a gaban kekensa, gaban masu jiran ɗinki, ka ce ga sauran yadin mutane ya manta a kwalbati. Tela ya rantse ba nasa ba ne. Wata mata da ke zaune ta miƙa hannu ta zaro wani ƙyalle ta kara a jikin rigarta, suka zo ɗaya. Tela ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwarka. Daga baya shi ya zama shugaban kwamitin unguwa, shi ne kuma ya fi kowa tsawata wa masu zubar da shara, kamar shi ya ƙirƙiro abin.

Ni kuwa abin da na samu a wajenka ya wuce abin da aiki ya ɗora maka. Kakan shigo da sallama ka ce, "Baba, bango na zo gaisarwa." Ka duba shatin, ka taɓa siminti ko ya yi damshi, sannan ka zauna a bakin gado mu sha shayi. Kai kake canja mini batirin rediyo. Kai kake karanta mini ƙananan rubutun jikin kwalbar magani tun da idona ya daina kama su. Ɗana yana wani gari mai nisa, yana bugo waya, yana iya ƙoƙarinsa, amma waya ba ta ɗaga mutum ta tsallakar da shi bulo.

Na daɗe ban sani ba ko ni kake zuwa gani ko makulli. Ban damu in sani ba, baƙo baƙo ne. Amma bayan rasuwar maiɗakina na lura da wani abu. Tsakiyar rani ne, ƙofa a rufe, babu abin murzawa. Duk da haka kakan zo ka ɗauki makulli ka ce za ka duba ƙofa, ka fita, jim kaɗan ka dawo ka jingine shi ka zauna. Wanda ya murza wannan ƙarfe ba ya dawowa da hannu fes. Naka fes yake dawowa. Ban ce maka na gani ba, kai ma ba ka ce komai ba. Muka ci gaba a haka har rani ya wuce, da wanda ya biyo bayansa.

Abu ɗaya na yi maka gardama a kai, kuma har yau ina nan a kan bakana. Ba ka taɓa gaya wa ofis yarjejeniyar da kuka yi a inuwar katangata ba. Ka ce idan ka faɗa za a hana, mai lambu ta koma sayen ruwa, mai igiya da turaku ya dawo. Na ce maka na ga irin wannan a kotu ba sau ɗaya ba: maganar da aka ƙulla da baki tana tafiya tare da wanda ya ƙulla ta. Ka yi dariya har shayi ya sarƙe ka. Ka ce, "Baba, ai kai za ka riga ni. Bar mini wannan damuwar." Na yarda da lissafinka, don kowa ya dube mu zai yi irinsa.

Zuwanka na ƙarshe ranar Asabar ne. Ka ce iska ta juya, zafin ya canja, ranar Laraba za ka fara buɗewa. Ka ce bana laka ta cika ƙasan tafkin, ba ya ɗaukar abin da ya saba ɗauka, don haka gara a fara da wuri. Ka ɗaga makullin ka duba bakinsa ka mayar. Ka fitar da ni na sha rana, ka dawo da ni. Ranar Litinin mai wanki ya zo da kayana.

Yanzu bari in gaya maka abin da aka yi bayanka, don na san za ka so ka ji, kuma na san da kana nan da ka yi dariya kafin ka yi faɗa.

Mutuwarka ta taɓa mutanen layin nan fiye da yadda suka zata. Mai wankin mota ya kwana biyu bai buɗe wurinsa ba. Tela ya tara kwamiti, suka ce ba za a bar mutum irinka ya tafi babu abin tunawa ba. Kowa ya kawo abin da yake da shi, wani siminti, wani yashi, wani fenti, wani ƙarfinsa. Suka share gaɓar tafki tas, suka kwashe ledar da ka yi shekaru kana roƙo a kwashe. Mai lambu ta dasa itatuwa. Sannan suka gina benci na siminti, mai majingina, suka rubuta a bayansa cewa nan ne wurin Injiniya. Da suka zo zaɓen inda za a kafa shi babu wanda ya yi musu. Wuri ɗaya kowa ya san ka da shi, inda kake tsayawa ka sunkuya, hannu biyu a kan mariƙi. A kan dakalin suka gina shi, daidai tsakiya.

Tela da mai lambu suka zo da murnarsu su nuna mini hoto a waya. Na sa tabarau na duba. Aiki ne mai kyau, ban taɓa ganin tela ya yi abu a miƙe haka ba. Na tambaye shi ramin fa.

Ya ce, "Wane rami, Baba?"

Na ce wanda ake zura makulli.

Ya ce, "Au, wannan. Ai yana ƙarƙashi. Mun cike shi, kada yara su saka ƙafa. To wa zai murza yanzu, Baba? Mai murzawa ya tafi."

Na gaya musu ƙofa a rufe take, kuma ka ce Laraba za ka buɗe. Mai lambu ta sunkuyar da kai, ta ce tafkin bai taɓa yin kyau irin na bana ba, har agwagi sun dawo, kuma ita a ganinta ko don kai a bar shi haka shekara ɗaya mutane su zauna su yi maka addu'a suna kallon ruwa. Tela ya ce ba wannan ba ma, maiɗakinka ta zo da 'ya'ya ta zauna a kan bencin ta yi kuka, ta shafa rubutun da hannunta. Ya ce da wane ido zai dube ta idan ta ji an sa masa guduma. Ya ce in kwantar da hankalina, bulon ƙofata mai tsawo ne, Injiniya ba ya aikin banza.

Ban ga laifinsu ba, kuma ba na so wanda ya karanta wannan ya gani. Shekaru suna ganinka a wurin nan, sun san tsayuwarka, sun san yadda kake goge gumi da gwiwar hannu. Abin da ke ƙarƙashin ƙafarka ne ba su taɓa gani ba. Da ƙauna suka yi, kuma ban san wani ma'aikacin hukuma da aka taɓa yi wa haka a unguwar nan ba.

Ranar Lahadi da ta wuce an yi ruwan farko. Ba mai yawa ba ne, ya kwantar da zafi kawai. Amma daga tagar nan ina ganin sandar wutar lantarki da ke gefen tafki, kuma ruwa ya kai gindinta. A da, idan ya kai nan, kai kana kan dakali tun da safe.

Na nemi lambar ofishinku a jikin kwalin da ka taɓa kawo mini batir a ciki, na buga. Aka haɗa ni da wanda aka ba kujerarka. Mutum ne mai ladabi, ya yi mini gaisuwar rashinka kafin ma in yi masa. Ya ce a saninsu ƙofar tafkinmu a buɗe take shekara da shekaru, shi ya sa ba ya cikin wuraren da za su zagaya kafin damina. Na mayar masa da magana daga farko, a hankali, yadda nake yi wa alƙali. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Baba, in haka ne maganar babba ce." Ya tambayi inda makulli yake, na ce yana bayan ƙofata. Ya ce ranar Alhamis da safe zai zo da ma'aikata da guduma, amma yana roƙon a fara sanar da iyalinka, don ba ya son aikinsa na farko ya zama fasa abin da aka gina wa magabacinsa. Ɗana kuma da na gaya masa ya ce in tattara in taho wurinsa. Na ce to. Ya san ba zan iya wannan tafiya ba, ni ma na sani, amma ya kamata ya faɗa, ni ma ya kamata in amsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka. 'Yata, ban taɓa ganinki ba sai a hoton da ke cikin wayarsa, amma na sha shayi da ganyen da kike ƙulla masa ya kawo mini. Allah Ya ba ki haƙuri, Ya tsaya miki a kan tarbiyyar abin da ya bari. Ina da roƙo ɗaya, kuma ki gafarta mini da na kawo shi cikin kwanakin makoki. Mutanen layinmu kunyarki suke ji. Kalma ɗaya daga bakinki ta isa a matsar da bencin nan kamu ɗaya zuwa gefe. Ba a ce a rushe shi ba. Daga gefen ma an fi ganin wurin da yake tsayawa.

Ina yi wa 'ya'yanka ta'aziyya, musamman babbar, wadda kake cewa ta gaji taurin kanka ba ta gaji son laka ba. Ina yi wa mahaifiyarka, wadda aka ce tana raye. Ita da ni mun san abin da ake ji idan lissafi ya juye, ƙarami ya riga babba. Ina yi wa abokan aikinka, da mai kula da magudanar bakin rafi da zai jira wayarka bana. Ina yi wa tela, da mai lambu, da mai wanki, da mai wankin mota. Ina kuma yi wa mutanen unguwar ƙasa, waɗanda ba su san fuskarka ba, ba su kuma san sun yi rashi ba.

Allah Ya ji ƙanka, Injiniya. Ya yafe maka abin da ka yi da sani da wanda ka yi da mantuwa. Ya yalwata makwancinka, Ya sanyaya shi, Ya haskaka shi. Duk ɗakin da ya kwana a bushe ta dalilinka, masu shi ba su ma san an tsare su ba, Allah Ya sa shi a ma'auninka. Duk lokacin da ka kama hammatar tsoho ka fitar da shi rana, Allah Ya kama hannunka a ranar da babu mai kama na wani. Ya haɗa ka da magabatanka na gari, Ya sa Aljanna ce makoma. Mu da muka rage, Ya kyautata namu ƙarshen.

La'asar ta wuce yanzu. Na zuba ruwan zafi a fulas tun da safe, na fito da kofi biyu, ya huce. Mai wanki ya leƙo da rana, na sa ya ɗora rediyo da magunguna da akwatin maiɗakina a kan kabad. Ya tambayi ko ya fitar da ni waje, na ce a'a, ina jiran baƙo, kada ya zo ya tarar ba kowa kusa da makulli. Gabas ta fara duhu, iska tana kaɗa labule. Makullin yana nan a bayan ƙofa inda ka jingine shi waccan Asabar; na gwada shi ɗazu, ban iya raba shi da bango ba. Sabon injiniyan bai zo ba.